Godiya ga masu gyaran tsofaffin hotuna na Yokohama

Zuwa ga maigida da ma'aikatan ɗan shagon gyaran tsofaffin hotuna da ke birnin Yokohama na ƙasar Japan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Kundin hotunan nan ya iso lafiya, hotunansa hamsin cif, ko kusurwa ɗaya ba ta karye a hanya ba. Aikin da kuka yi masa ya fi ƙarfin godiyar fatar baki, shi ya sa na ga ya dace a yi ta a bainar jama'a.

Ga wanda bai san irin kundin ba: bayan an buɗe tashar jiragen ruwan Yokohama ga baƙi a 1859, masu ɗaukar hoto sun riƙa haɗa wa matafiya kundin tsaraba, bangonsa katako mai fenti baƙi wuluk yana sheƙi. A ciki za ka ga mata suna tsinkar ganyen shayi, manoma suna dashen shinkafa tsamo-tsamo cikin ruwa, mai tallan kwanduna da kayansa sun fi shi tsawo, da mai jan keken ɗaukar mutane. Takardar hoton farin ƙwai ake shafa mata da gishiri, sannan a jiƙa ta da sinadarin azurfa, a ɗora mata gilashin da aka ɗauki hoton a kai, a shanya a rana. Launi kuwa da hannu ake sa shi, da siririn buroshi, hoto ɗaya bayan ɗaya. Launin nan na ruwa ne, kuma a nan duk haɗarin yake.

Kafin kundin ya zo hannunku ya biya ta wurare biyu, ba sai na kama suna ba. Na farko cewa suka yi za su goge dattin da auduga mai danshi. Da an bar su, da jan ɗamarar matan nan da shuɗin rigunansu sun bi auduga, farin ƙwan kuma ya kumbura ya ƙara tsattsagewa idan ya bushe. Na biyu ko buɗe shi sosai ba su yi ba suka yanke kuɗi, suka ce za su ɓamɓare hotunan daga kwalinsu su manna a sabo. Takardar farin ƙwai siririya ce ƙwarai, da zarar ta rabu da kwali sai ta nannaɗe kamar tabarma. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya taɓa ta ba.

A wurinku ne aka samu wata dattijuwa, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Baiwar Allah nan ba ta yi maganar kuɗi ba sai da ta wanke hannu, ta tsane shi, ta bi shafukan ɗaya-ɗaya da madubin ƙara girma. Ta nuna yadda zaren takarda ke bayyana ta ƙarƙashin farin ƙwai, da 'yan tsage-tsagen da ke fuskarsa, wanda shi ne shaidar hoto na asali. Na jabu da aka buga da injin ɗab'i ɗigo-ɗigo ake gani. Ta share ƙura da busasshen buroshi mai laushi. Salatif ɗin da wani ya liƙa a shafuka uku ta cire shi sannu a hankali, amma ta faɗa tun farko cewa tabon gam ɗin da ya riga ya shiga takarda ba zai fita duka ba. Inda kwali ya yage ta ɗinke shi ta baya da takardar gargajiyar Japan da kokon sitacin alkama, domin shi wannan koko ana iya warware shi nan gaba ba tare da ɓarna ba. Ruwan ɗorawar da hotunan suka yi ta bar shi yadda yake. Ta ce tsufan farin ƙwai ne, duk wanda ya yi alkawarin mayar da shi fari, ɓata shi zai yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙin da ta yi ta jingina kundin ga wani shahararren mai hoto, alhali hakan zai ɗaga darajarsa. Hujjarta mai ƙarfi ce: gilasan hotuna sun riƙa sauya hannu. Kamfanin ɗaukar hoto na Stillfried ya sayi kayan mai hoto Felice Beato a 1877, Kusakabe Kimbei da ya yi musu aikin sa launi ya buɗe nasa wurin a 1881, sannan girgizar ƙasar 1923 ta lalata ɗimbin gilasai da takardu a Yokohama. Lambar da ke ƙasan hoto ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Ta kuma ja hankali cewa ba duk abin da ke ciki ne rayuwar yau da kullum ba. An hana yawo da takobi tun 1876, don haka jarumin da ke sanye da sulke a shafi na tara, mai yiwuwa ɗan haya ne aka yi wa ado a ɗakin hoto. Mai neman tarihi ya fi samunsa a gefen hoto: takalmin ciyawa a ƙafar ɗan dako, da rubutun da ke jikin labulen shago.

Ɗaukar kwafi da naɗe kaya duk an yi su yadda ya kamata, da kyamara daga sama, ba a danne kundin a kan gilashin na'ura ba.

Da ta ji cewa ƙasar Hausa kundin zai zauna, sai ta rubuto shawara ta musamman. Hoto yana son bushewa, bangon fentin kuwa tsagewa yake idan iska ta bushe ƙayau, don haka a nemi tsakiya, laima wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Da hunturu a bar shi rufe a akwatinsa. Da damina a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango saboda fumfuna da gara. A ajiye shi kwance, a sa takarda marar asid tsakanin shafuka, kada rana ta taɓa shi.

Wannan ya sa ni tunanin hotunan kakanninmu. Sau nawa ake kai hoton aure na shekara sittin shagon kwamfuta, yaro ya cusa shi a injin lamineshan, zafi da gam su haɗe da fuskar hoton har abada? Wasu a bayan gilashin da ya manne musu suke, wasu an rubuta suna a bayansu da biro har tawada ta ɓullo gaba. Ba wanda ke tambayar irin takardar, balle ya ce wa mai kaya wannan aikin ya fi ƙarfina.

A isar mini da gaisuwa ta musamman ga dattijuwar nan. Allah ya ƙara mata lafiya da hasken ido, ku kuma ya buɗa muku kasuwa.

Naku,
Mai tara tsofaffin hotuna