A Tanadar Wa Mai Keke Hanyarsa A Gefen Kanal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan keke da hanyar da ta kamace shi. Na san wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta keke. To amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka shekara goma jingine a zaure sun fito an kai su wajen mai faci, kuma duk wanda ya tsaya bakin hanyar Daura zuwa Mai'aduwa da sassafe zai ga malamin firamare da ɗalibi da mai kai kayan gwari kasuwa suna murza feda a leɓen kwalta, motoci na wuce su kamar za su ɗebe musu riga.

Ni tsohon ma'aikacin noman rani ne, na ƙare aikina a bakin madatsun ruwa da kanal. Allah ya nufe ni da ziyartar ɗana da ke karatun aikin gona a birnin Dijon na ƙasar Faransa, a yankin da ake kira Burgandi, kuma abin da na gani can shi ne ya hana ni sakat har na ɗauki biro. Wata Asabar a watan Satumba muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin Beaune, muka yi hayar kekuna, muka bi wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 22 da ta ratsa gonakin inabi har zuwa ƙauyen Santenay, ta bi ta Pommard da Volnay da Meursault. Ƙasar tudu ce da gangare amma marar tsanani, irin wadda dattijo zai hau ba tare da ya sauka ya tura ba, muddin kekensa na da giya ya kuma san lokacin sauya ta. Matasansu kuwa, masu kekunan tsere da siraran tayoyi, sai dai ka ji fiu sun wuce.

Gara in faɗa tun da wuri cewa mafi yawan inabin wannan yanki barasa ake yi da shi, kuma wannan ba abin da ya shafe mu ba ne, ba kuma shi nake tallatawa ba. Hanyar na je kallo. Da na dube ta da idon ma'aikaci sai na gane ba sabuwa ba ce aka kashe mata maƙudan kuɗi; tsofaffin hanyoyin gona ne da manoma ke bi, aka shimfiɗa musu kwalta siririya, aka kakkafa alluna masu hoton keke da sunan ƙauye na gaba da yawan kilomitar da ta rage. Lokacin girbi muka je, masu tsinka sun cika kunyoyi. A wata kwana muka yi kiciɓis da wata tarakta mai dogayen ƙafafu, wadda aka ƙera don ta riƙa tafiya layin inabi na wucewa ta ƙarƙashinta. Na matse birki na sauke ƙafa ina shirin faɗawa gefe kamar yadda na saba a gida, sai na ga direban ya tsaya cik, ya ɗaga mini hannu in wuce. Ɗana ya yi dariya ya ce, "Baba, wuce mana, kai yake jira."

A Santenay hanyar ta sauka bakin wani kanal, kuma nan ne zuciyata ta tsaya, domin nan ne fagena. Kanal ɗinsu ba na ban ruwa ba ne irin namu, an haƙa su ne don jiragen dakon kaya tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Babban na yankin, wanda ya ratsa Dijon, an fara haƙa shi a 1775 aka gama a 1832, tsawonsa kilomita 242, yana da ƙofofin ruwa 189 waɗanda ake rufe jirgi a tsakaninsu a cika ruwa ko a rage, jirgin ya hau tudu ko ya sauka mataki mataki. A da dawaki da mutane ke jan jiragen da igiya daga gaɓa, don haka dole aka yi hanya a gefen ruwan. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, sai hanyar ta zama marainiya, kuma maimakon a bar ta ciyawa ta cinye, aka gyara ta aka miƙa wa masu keke da masu tafiya ƙasa, aka hana motocin jama'a hawa. Da yake kanal ba ya son gangare mai ƙarfi, hanyar da ke binsa a miƙe take lumui, yaro ɗan shekara bakwai da kakarsa za su iya bin ta tare. Haka suka yi da wani tsohon layin dogo tsakanin Givry da Cluny a kudancin yankin, wanda aka mayar hanyar keke a 1997.

Abu na biyu da ya sa hanyar ta yi daɗin bi shi ne inuwa. Itatuwa ne jere a gaɓa, waɗanda suka dasa su sun daɗe da barin duniya. Su ma suna da tasu jarrabawar: a kudancin ƙasar, a kanal ɗin Midi da aka buɗe a 1681, an gano wata cuta a 2006 tana kashe itatuwan gaɓa, waɗanda yawansu ya kai kimanin 42,000, har ta tilasta aka sare dubbai. Abin da ya burge ni shi ne suna sarewa suna dasa wasu, alhali sun san ba su za su sha inuwar ba.

Yanzu in dawo gida. Jihar Katsina na da madatsun ruwa irin su Jibiya da Zobe da Ajiwa, mu nan ƙasar Daura ga Daberam ga Sabke. Duk wanda ya yi aikin ban ruwa ya san ba a zana babban kanal ba tare da hanyar duba shi a gefe ba, domin ta nan ma'aikaci ke bi ya buɗe ƙofa, ya ga inda siminti ya tsage, ya sa a yashe laka. Wato abin da Faransawa suka gada daga masu jan jirgi, mu ma muna da irinsa a zane, wani wurin ma a ƙasa. Sai dai a wurare da dama mun bar shi: nan wani ya ci rabin hanyar da garma ya ƙara kunya biyu ta albasa, can zaizaya ta yanke ta, gaba kuma yashi ya taru har taya ta nutse, ga tsidau da ke jiran tub kamar ya biya shi bashi. Sai manomi ya haƙura ya hau babban titi.

A babban titin ne na ga abin da har yau yake ci mini rai. Wata ranar kasuwa, wani dattijo sa'ana ya ɗauro buhu biyu na albasa a kariya, ya ɗaure da roba, yana tafe a hankali a bakin kwalta. Wata tifa ta taho daga baya ta danna masa ham ba tare da ta rage gudu ba. Ya karkata ya sauka kwalta, tayar gaba ta cake a yashi, ya kife. Allah ya kiyaye bai karye ba, amma gwiwarsa ta ɗaye, garen keken ya lanƙwashe, buhu ɗaya ya fashe albasa ta watsu a titi motocin baya suna takewa. Muna taya shi tsincewa, bai zagi kowa ba, abin da kawai ya ce shi ne, "Alhaji, to ina za mu bi?" Ban sami amsar ba shi ba, kuma wannan wasiƙa ƙoƙarin amsawa ce a makare.

Ba ina cewa a kwafo Burgandi a dire a Daura ba. Su yawancinsu don nishaɗi da motsa jini da yawon buɗe ido suke hawa, mu kuwa abinci muke nema, kuma a ganina wannan ya sa buƙatarmu ta fi tasu ƙarfi. Zafin watan Afrilu a nan ba wasa ba ne, saboda haka hanyar da ba inuwa ba ta da amfani daga hantsi zuwa la'asar. Sannan akwai yankunan yammacin jihar inda matsalar 'yan bindiga ta sa zuwa gona kansa ya zama kasada, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa hanyar keke za ta magance wannan ba. Shi ya sa nake ganin a fara daga inda hankali ya fi kwanciya, a gwada a ƙaramin wuri, a ga abin da zai biyo baya.

Roƙona ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da hukumomin da ke kula da madatsun ruwa shi ne a zaɓi kanal ɗaya, a fitar da iyakar hanyar gefensa kamar yadda take a taswirar asali, tare da dagatai da masu unguwanni da ƙungiyoyin manoman rani, domin in ba da bakinsu ba, duk turken da aka kafa da rana za a tuge shi da dare. A zuba jar ƙasa a daddaɓe, ba sai an kai ga kwalta ba, a sa kwalbati inda ruwa ke yanka, a haɗa ta da hanyar ƙauye mafi kusa da makaranta ko kasuwa. A dasa bedi ko mangwaro a ɗan nesa da gaɓa yadda saiwa ba za ta fasa siminti ba, ga ruwan ban su a kusa, a kuma damƙa kowane itace goma a hannun mai gonar da ke daura da su. A manyan tituna kuwa, duk lokacin da za a ba da kwangilar sabuntawa, a rubuta a cikin takarda cewa kafaɗar titi ma kwalta za a yi mata, mai faɗin da keke da buhunsa za su wuce. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya; hanyoyin da motocin aiki suka buɗe a gefensa sun cancanci a yi tunanin makomarsu tun kafin a kwashe kayan aiki.

Ko inabin ma ba baƙo ba ne a Arewa, domin manoman Kudan a jihar Kaduna suna noma na ci, ana kuma ganinsa a kasuwanninmu. Ko da ba inabi, lambunan tumatir da tattasai da alkama a watan Janairu, da sanyin safiya, abin kallo ne da bai gaza nasu ba.

Idan hukuma ta amince a gwada, ina da tsofaffin abokan aiki da har yanzu suka san inda kowace hanyar kanal ta bi kafin garma ta cinye ta, kuma a shirye muke mu zagaya da masu awo kyauta. Dattijon nan mai albasa, na ji an ce ya miƙe garen kekensa ya koma bin titin.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon ma'aikacin noman rani,
Daura, Jihar Katsina.