Zuwa Ga Ƙanwar Da Labarinta Ke Mutuwa A Kan Takarda

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Tambayar da kika bugo waya kika yi min a filin adabi na rediyo ta zo a ƙurarren lokaci, mai gabatarwa yana ta nuna min agogo, shi ya sa abin da ya samu kawai shi ne "ki yawaita karatu". Ga sauran. Kin ce idan kina ba da labari da baki, a gidan biki ko a ɗakin kwanan ɗalibai, har tuwo kan huce ba a ci ba. Amma da kin zauna kin rubuta shi, sai ƙawayenki su karanta shafi biyu, su ce "ya yi daɗi", su ajiye. Kina so ki ji ko baiwar ce babu.

Wadda ta hana mata cin tuwo da labari ba a yi mata zancen baiwa. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da kike ba da labari da baki, rabin aikin ba kalmomi ke yin sa ba. Kina maƙale murya idan kishiya za ta yi magana, ki tafa hannu, ki riƙe haɓa, ki yi shiru daidai inda kowa ya ƙagu ya ji. Idan kika hango wata ta fara hamma, nan take ki tsallake zuwa inda rigimar take. Takarda ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kin kwashe kalmomin kin zuba mata, sauran kuma sun tsaya a jikinki.

Ba a kanki aka fara ba. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, sai da ya sha fama kafin malamai su yarda su rubuta, domin a wurinsu ƙaga labari tatsuniya ce, aikin mata da yara. Littattafai biyar suka fito daga gasar. Ki duba dabarar da wasunsu suka yi: sun zaunar da mai ba da labari a cikin littafin. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin ne ke ba almajiransa tarihinsa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mai labarin da bakinsa yake bayarwa, daga baya kuma a Magana Jari Ce aka ɗora wa aku aikin. Wato sun gane muryar ce ke ɓacewa, sai suka nemo mata hanya. Ban ce ki nemo aku ba. Amma kafin ki ɗauki biro ko waya, ki zaɓi mutum ɗaya a ranki, wadda kika san ba ta da haƙurin dogon zance, ki rubuta kamar ita ce a gabanki.

Yanzu ki ɗauko shafin farkonki. Ban gan shi ba, amma na ga 'yan'uwansa da yawa. Ana buɗewa da jerin gwanon motoci sun shiga wani tangamemen gida, ko da wata budurwa fara tas, mai dara-daran idanu da dogon hanci da gashi har gadon baya, a ƙare da shekarunta da sunayen yayyenta bakwai. Shafi uku sun tafi, ba wanda ya nemi komai, ba wanda aka hana komai. Don Allah, da baki haka kike farawa? Ai cewa kike: "Ku kun san ranar ɗaurin auren nan aka nemi ango aka rasa?" Shi ke nan kin kama kowa. Kakanninmu ma da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku", aka amsa "Ta zo mu ji ta", jimla ta gaba yunwa ce ta kama Gizo, ko sarki ya sa sharaɗi a kan auren 'yarsa. Ba wanda ya taɓa tsayawa faɗa mana tsawon hancin Ƙoƙi. Ki fara daga ranar da abu ya lalace. Idan hancin yana da amfani, zai samu wurin shiga daga baya.

Inda na fi so ki daɗe shi ne wajen maganar mutanenki. Yara kan gane Gizo ne ke magana tun kafin a ce "in ji Gizo", saboda tsamin bakinsa. Ke kuma fa? Ki rufe sunaye a shafinki da yatsa, ki karanta zancen kawai. Idan ba ki iya bambance direban tasha da malamar asibiti ba, to ba su ke magana ba, ke ce. Tsohuwa ba ta jera zance yadda jikarta ke jerawa. Basakkwace ba ya magana irin ta Bakano. Kishiyoyi kuwa sau nawa kika ji sun faɗi abin da ke ransu kai tsaye? Ɗaya na tsakar gida tana yi wa kaza faɗa, alhali duk gidan an san ba da kaza take ba.

Nan ne muke da arzikin da marubutanmu ke wasa da shi. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, abin da ya fi nauyi a zuciya shi ne ba a faɗa. Ga yadda aka saba rubutawa: "Hajiya tana matuƙar son ɗanta na fari, ta shiga tsananin damuwa da tafiyarsa, hawaye suka wanke mata fuska." An faɗa min, na ji, ban damu ba. Gwada haka:

Ranar da zai tafi ba ta fito rakiya ba. Tana bakin murhu tana gyara itacen da ke ci lafiya lau. Sai da ta ji an tayar da mota ta kira autarta. "Ungo, miƙa wa yayanku. Ki ce kar ya buɗe sai ya sauka." Ƙullin dambun nama ne. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙaramin ƙulli, kuɗin adashin da ta ce na gyaran rufin ɗaki ne.

Ba a ambaci so ba, ba a ambaci sunan ɗan ba, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Amma duk Bahaushen da ya karanta ya san abin da ke cin matar nan. Wannan shi ke maye gurbin riƙe haɓa da maƙale murya: abin da hannu ya yi, da abin da baki ya ƙi faɗa.

Karin magana kuma ki bar shi a bakin wanda ya dace da shi. Goggo ta yi, ya zauna. Marubuciya ta jera uku a sakin layi ɗaya don a san ta iya Hausa, ya zama gasar makaranta. Haka wa'azi. Na san ana matsa mana da tambayar "wane darasi labarin ya koyar?", har wasu kan tsayar da labari cak su hau mumbari. Idan azzalumin cikin labarinki ya ishi mai karatu, ba ya buƙatar ki ƙara gaya masa zalunci ba kyau.

Sai yanka. Rubutun da ake sakewa kullum-kullum a waya ya koya mana jan zance, tunda gobe ma sai an ba masu jira wani abu, ko da gaisuwa ce shafi guda. Ki horar da kanki da gajeren labari. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ba ta karɓar abin da ya wuce kalmomi 1,500. Ko ba za ki shiga ba, ki rubuta labari ɗaya a cikin wannan iyaka. A nan za ki ga "ina kwana, an tashi lafiya, ya yara" nawa ne labarin zai rayu ba tare da su ba.

Idan kin gama, kar ki karanta wa ƙawayenki da kanki, don muryarki za ta rufa wa rubutun asiri. Ki miƙa wa wata ta karanta a fili, ke ki koma gefe da biro, ki yi shiru. Inda harshenta ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba. Inda ta ɗago ta ce "wai wa ya faɗi wannan?", ki sa alama. Inda ta kai hannu ga wayarta, ki ja layi daga nan ki nemi abin da za ki cire. Kar ki yi mata bayanin komai, tunda ba za ki bi kowane mai karatu gida kina yi masa bayani ba.

Labarin angon da aka rasa, ko ma wane ne naki, ki sake rubuta shafinsa na farko ta wannan hanya, ki aiko ta hannun masu shirin. Zan karanta.

Wassalam,
Yayarki a harkar rubutu.