Shanyewar ɓarin jiki tana da allura, amma lokaci take so

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan shanyewar ɓarin jiki, don wallahi abin yana ci min rai. Mutum yana zaune lafiya lau sai kawai baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, nan take sai a ce iska ce ta buge shi, a kawo hayaƙi a kawo jiƙo a yi ta ɗura masa alhali ko yawu ba ya iya haɗiyewa, sai an kwana biyu sannan a tuna da asibiti.

Yawancin masu wannan ciwon gudan jini ne ya toshe musu jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma akwai allura sunanta alteplase, enzayim ce, wato sinadari irin wanda jikin ɗan Adam ke yi da kansa, aikinta ta tayar da wani sinadari a cikin jini ya narkar da gudan nan, jini ya ci gaba da gudana. Amurka ta amince da ita kan bugun zuciya a 1987, kan shanyewa a 1996, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna a 2019. To amma fa cikin awa 4 da rabi ake yinta daga sadda abin ya fara, in ya wuce haka galibi likita ba zai yi ba. Kuma ba a yinta da ka, sai an ɗau hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti sikan tukun, don wani jijiya ce ta fashe masa, shi kam in aka yi masa allurar nan zubar jinin aka ƙara.

Saboda haka jama'a addu'ar a yi ta a cikin mota kan hanyar asibiti, kar a ba shi komai ta baki, kuma wani ya duba agogo ya riƙe lokacin, shi likita zai fara tambaya.

Laifin kuma ba na jama'a kaɗai ba ne. Allurar nan tana da tsadar da talaka ba zai iya ba, na'urar ma ba ko'ina take ba. Roƙona ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu, kowace jiha ta ware asibiti ko guda ɗaya da na'urarsa ke aiki dare da rana, allurar na ajiye, a sa ta cikin inshorar lafiya, sannan a yi ta shelar sunan asibitin a rediyo kowa ya san inda zai nufa.

Naka mai karatu,
daga Zariya