Masu Zaɓen 'Yan Dambe, Ku Daina Kallon Faɗin Ƙirji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu zaɓar yara domin dambe, kokawa, judo da takwando. Na daɗe ina horar da yara, kuma ranar tantancewa kusan kullum iri ɗaya ce: a haɗa su biyu-biyu, wanda ya ka da ɗan'uwansa a rubuta sunansa, wanda ya sha ƙasa a ce ya koma gida.

Tsakanin shekara 12 zuwa 15, sa'anni biyu kan bambanta ƙwarai. Ɗaya murya ta fashe, kafaɗa ta buɗe, ɗayan kuwa har yanzu jikin yarinta gare shi. Ko da sikeli ya nuna nauyinsu ɗaya, na farkon zai ture na biyun da ƙarfin tsiya. Tunda ƙarfi na biya masa buƙata, ba ya damuwa da koyon kaucewa ko takun ƙafa. Ranar da sa'anninsa suka cim masa a girma, sai a nemi baiwar a rasa. Shi kuwa wanda aka kora tuni ya koma buga ƙwallo.

Ni idon yaro nake fara dubawa. In naushi ya taho, rufe ido yake yi ko yana bin hannun da kallo? Sai in ce masa ya ɗaga hannu ya kare haɓarsa, in tafi wajen wasu, in waiwayo bayan ya gaji. In hannun na nan a sama, wannan yaro yana jin gyara. Sannan wanda aka lallasa yau, gobe ya dawo ya ɗaura safar hannu ba tare da an lallashe shi ba, shi nake so. Duk wannan ba ya bayyana a yini guda, sai an yi watanni.

Kuma a daina cewa wane ya makara. Anthony Joshua yana da shekara 18 ya fara dambe a 2007, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Deontay Wilder ya fara yana da kusan 20, ya samu tagulla a Beijin a 2008.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne hana yaro ruwa da abinci don ya shiga rukunin marasa nauyi ya ciyo wa koci lamba. A 1997, ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni wajen rage nauyi da gaggawa, har aka sauya dokoki. Waɗannan fa manya ne, balle yaron da ƙashinsa ke girma. In nauyinsa ya ƙaru, a matsar da shi rukuni na gaba kawai, kuma wanda bai ci tantancewa bana ba a sake kiransa bayan wata shida.

Naka,
Wani tsohon kocin dambe