Kafin ka sayi fom ɗin takara

Babana,

Ya iyali, ya kasuwa? Mamanka ce take gaya min wai mutanen unguwa sun matsa maka sai ka fito takarar majalisa, har an fara zancen fom. Ni ban hana ka ba, amma tun jiya da daddare wani bature nake ta tunawa, Oakes Ames, mutumin jihar Massachusetts a Amurka.

Ɗan maƙeri ne fa, an haife shi 1804, babansu shebur yake ƙerawa a North Easton kuma shi da ƙaninsa Oliver a gaban wutar maƙerar nan suka tashi. Da aka ga zinare a Kalifoniya jama'a suka yi ca, kowa shebur yake nema, kuɗi suka dinga shigo musu ta ko'ina. 1863 ya shiga majalisar wakilai. Da aikin layin dogo na Union Pacific ya cije shugaba Lincoln da kansa ya nemi ya kama, ya kuwa zuba dukiyarsa har aka haɗe layin a Utah a 1869, wannan kam ba mai ƙwace masa.

To ga inda gizo ke saƙar. Kamfanin da yake kwangilar, Crédit Mobilier, na su masu layin ne, su ke ba kansu aiki suna zuga kuɗin alhali gwamnati ce take ba da rance da filaye, shi kuma Ames sai ya dinga sayar wa abokansa na majalisa hannun jari da araha yana rubuta sunan kowa a ɗan littafinsa, wai a ganinsa ai ciniki ne kawai kamar na shebur. 1872 jaridar New York Sun ta fasa ƙwai. Waɗanda suka karɓa yawancinsu suka zame, shi da wani James Brooks kaɗai majalisa ta yi tir da su a Fabrairun 1873, watan Mayu ya mutu. Wallahi abin yana taɓa ni, mutum ya shekara da shekaru yana gina suna.

Kai ma ɗan kasuwa ne kuma na san hannunka a buɗe yake, abin da ke hana ni barci ke nan. In ka ci, wa zai riƙe shagon? Kamfaninka zai dinga neman kwangilar gwamnati ko zai bari? Ina so in ji amsar daga bakinka. Ka zo ran Juma'a bayan masallaci, kar ka biya kuɗin fom sai mun zauna.

Ka gaida amarya da yaran.

Babanka