Ƙodar yaro na iya samun rauni tun gwajin jini bai nuna ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin ma'aikatan lafiya da iyaye a birnin Kano game da yaran da ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsu, abin da likitoci ke kira sefsis. Hankali yakan tafi kan zazzaɓi da numfashi, ƙoda kuwa tana jin jiki ba a sani ba.

Gwajin jinin da aka fi dogara da shi wajen duba aikin ƙoda, wato na sinadarin kiriyatinin, yana makara. Sai kwana ɗaya zuwa biyu bayan ƙoda ta samu rauni yake hawa. Kuma daga tsoka yake fitowa, don haka yaro mai tamowa, wanda tsokarsa ta zube, zai iya nuna sakamako mai kyau alhali ƙodar ta fara gazawa. Ƙarin ruwa ma yana tsinka shi a jini. Jariri sabon haihuwa kuwa, a kwanakin farko kiriyatinin na mahaifiyarsa ake gani a jininsa.

Shi ya sa masu bincike suka koma kan sinadaran da ƙoda ke fitarwa da zarar ta ji rauni. Wanda ya fi shahara shi ne NGAL, yana hawa cikin awa biyu zuwa shida. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsa na fitsari don yaran da ke kwance a sashen kulawa ta musamman. Amma yana da tarko: fararen ƙwayoyin jini ma suna fitar da shi, kuma a sefsis suna cikin aiki, don haka na jini zai iya hawa ko da ƙoda lafiya ƙalau take. Na fitsari ya fi, sai dai ciwon mafitsara yana ɗaga shi. Akwai kuma sistatin C, wani sinadarin da ake aunawa a jini don duba aikin ƙoda, wanda babu ruwansa da tsoka, amma magungunan sitiroyid suna canza shi.

A ganina, kafin waɗannan su wadata, akwai ma'aunin da ke hannunmu muke wasa da shi: fitsari. Ƙa'idar 2012 ta KDIGO, ƙungiyar ƙwararrun ƙoda ta duniya, ta ce idan ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin yaro a kowace awa, har awa shida, to akwai rauni. Yaro mai kilo 10, in bai kai mililita 30 a awa shida ba, a tashi tsaye. Ba dole sai an sa robar fitsari ba. A auna famfas a sikeli kafin a ɗaura da bayan an cire; kowane giram da ya ƙaru mililita ɗaya ne. Wani bincike kan yaran da ke sashen kulawa ta musamman, mai suna AWARE, da aka buga a 2017, ya nuna kiriyatinin kaɗai ya kasa gano raunin ƙoda a kusan biyu bisa uku na yaran da fitsarinsu ya ragu.

Iyaye, ku gaya wa likita duk abin da kuka sayo a kemis, musamman magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna iya cutar da ƙoda. Likita kuma ya sake duba adadin gentamicin, maganin ƙwayoyin cuta da shi ma ke iya cutar da ƙoda, da zarar fitsari ya ragu.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sa ƙaramin sikeli da takardar rubuta fitsari a kowane ɗakin gaggawa na yara, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci gwada NGAL a kan yaranmu masu maleriya da tamowa.

Wassalam,
Wani likitan yara, Kano