Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a kai shi asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan zazzaɓin Lassa, tunda hunturu ya shigo, kuma tsakanin Disamba da Afrilu ne cutar ta fi kama mutane.

Mu mutanen Jos mun daɗe da sanin wannan cuta, ko da yake yawancin matasanmu ba su da labari. A 1969 wata nas Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta asibitin mishan da muke kira Jankwano, a nan ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a garin nan, ta ɗauke Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawa. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yau muna yi mata riƙon sakainar kashi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yi da zazzaɓi. Jiki ya yi zafi, sai kemis. A sha maganin maleriya, bai sauka ba, a ce taifod ne, a ɗaura ruwa a ɗaki, a bi da allura. Kafin a tuna da asibiti mako ya zagayo. Alhali ribavirin, maganin da ake ba masu Lassa, ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 6 na farko. Farkon cutar kuwa kamar maleriya yake: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala. Zubar jinin da mutane ke jira su gani daga baya yake zuwa, kuma ba kowa yake samu ba.

Haka aka yi da 'yar maƙwabcinmu. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunnenta ɗaya ya daina ji, yarinya ƙarama mai zuwa Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji. Wallahi duk sanda na ga tana juyo da ɗaya kunnen don ta ji uwarta, sai zuciyata ta karye.

Fitsari da kashin ɓera ne ke kawo cutar Lassa cikin abinci. Kullum ana ce wa mata su rufe tukunya, su zuba hatsi a mazubi mai murfi, kuma gaskiya ne. To amma matar gida ce za ta kwashe bolar da ta toshe lungu? Ga masara da barkono da garin rogo ana shanyawa a bakin titi, ga buhuna jibge a rumfunan kasuwa suna kwana a ƙasa. Wannan aikin hukuma ne da masu unguwanni da shugabannin kasuwa.

Ina kira ga masu kemis, don Allah duk wanda ya dawo muku bayan kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, ku tura shi asibiti, kada ku canja masa magani. Limamanmu su faɗi wannan a huɗubar Juma'a, su ƙara da jan kunne kan wankan gawar wanda ake zargin cutar ce ta kashe shi, domin jini da ruwan jikinsa na yaɗa ta. Ku kuma, Malam Edita, ku riƙa buga lambar waya ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232, a kowane fitowa har rani ya wuce.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Unguwar Rogo, Jos